Ɗakunan kwanan baƙi a Ƙonni, Malbaza da Dogarawa: ina ya dace a zuba jari?

Tun da gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100 a watan Oktoban 2024, lissafin gini ya canza ga mutane da dama a jihar Tahoua, musamman a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, inda masana'antun siminti ke bakin ƙofa. Ɗan kasuwa mai ƴar rara, ma'aikacin da ya kusa ritaya, da ɗan ci-ranin da ya shekara goma a Abidjan ko Libiya yana tara abin da ya samu, duka tambaya ɗaya ke gabansu: in an gina, me ginin zai riƙa kawowa?

Ɗaya daga cikin amsoshin da ake kwaikwayo daga Yamai ita ce gida mai kayan ɗaki, wanda ake ba baƙo na dare ɗaya ko na mako guda, maimakon a zuba ƴan haya masu biya wata-wata. A takarda ribar ta fi yawa, domin kuɗin dare uku ko huɗu na iya kai hayar wata cur. Sai dai wannan riba na rataye ne a kan abu guda: baƙon da zai kwana. A wannan yanki kuwa, kowane gari da irin baƙonsa, kuma kowane baƙo da abin da ke iya hana shi zuwa. Wanda zai zaɓi fili, baƙon ya kamata ya fara zaɓa.

Sana'ar ta girmi Airbnb

A manyan biranen duniya, wannan harka ta bunƙasa ne ta manhajoji irin su Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008. Ta yi ƙarfin da har hukumomi suka fara taka mata birki saboda ta tsawwala wa ƴan gari haya: birnin New York ya tsaurara doka a watan Satumban 2023, Barcelona kuma ta sanar cewa za ta soke lasisin gidaje kusan 10,000 kafin ƙarshen 2028. A can, ɗan yawon buɗe ido ne ke biya, kuma abin da yake nema shi ne bakin teku ko tsohon gari.

A ƙasar Hausa sauke baƙo tsohuwar sana'a ce, tun zamanin fatake da zango. Fatoma shi ne maigidan da ke ba ɗan kasuwa masauki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, sannan ya ci la'ada. Har gobe haka ake yi a kasuwannin albasa da na dabbobi: mai saye daga Gana ko Cote d'Ivoire kan sauka wurin dillalinsa, ba ya biyan kuɗin ɗaki, domin kuɗin na cikin la'adar kowane buhu. Fasinjan bas kuma tabarmar tashar kamfani ta ishe shi, direban babbar mota na kwana kusa da motarsa, ɗan uwa na sauka gidan dangi.

Ke nan yawan mutanen da ke ratsa gari ba shi ne yawan masu biyan kuɗin ɗaki ba. Masu biya ƙalilan ne, kuma sanannu: jami'in gwamnati da aka turo aiki na kwanaki, ma'aikatan ƙungiyoyi da masu ba da horo, injiniyoyin kwangila, babban ɗan kasuwa da ke son ɗaki mai sanyi da ƙofa mai kulle, iyalin da suka kawo mara lafiya, da baƙin biki. Tambayar ita ce wane gari ne ya fi tara su, kuma wata nawa a shekara.

Ƙonni: baƙi da yawa, mabuɗi a hannun wasu

Birnin Ƙonni ne kowa ke fara ambata, kuma da dalili. Yana kan babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 420 daga Yamai, inda matafiya zuwa Maraɗi da Damagaram da Tahoua da Agadez ke yada zango. Yana kuma fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, ƴan kilomitoci kaɗan a tsakani. Akwai kwastan, akwai bankuna, akwai ƴan canji, ga kasuwar Laraba, ga ta Illela ran Lahadi. Babu garin da ya kai shi masu iya biyan kuɗin ɗaki a duk faɗin yankin.

Amma tarihin ƴan shekarun nan ya nuna inda raunin yake. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai a watan Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, an sake rufewa har zuwa watan Maris na 2024. In aka haɗa, kusan shekara biyu ke nan iyakar na rufe a hukumance cikin ƙasa da shekara biyar. Mutane sun ci gaba da bin hanyoyin daji a kan babura, amma mai bin hanyar daji ba shi ne mai kama ɗakin jika goma ba.

Akwai kuma batun naira. Cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 ya rage ribar cinikin man da ya daɗe yana ciyar da gidaje da yawa a bakin iyaka. Faɗuwar naira, daga kimanin 460 a kan dalar Amurka ɗaya zuwa sama da 1,500 a 2024, ta zo da illa biyu ga mai masauki a Ƙonni. Baƙon da ya zo da naira aljihunsa ya ƙanƙance da zarar ya canza zuwa sefa. Shi kuma mai sefa ya ga kwana a Illela ko Sakkwato ya fi masa araha. Duka waɗannan shawarwari an yanke su ne a Abuja da Yamai, babu wanda ya tuntuɓi mai gida a Ƙonni.

Baƙin kwangila: ruwan sama ne, yana ɗaukewa

Wani abin da ke ruɗar masu zuba jari shi ne lokacin manyan ayyuka. Ƙonni ta ga irin wannan sau biyu a jere. Na farko shi ne gyaran filin noman rani na Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, ƙarƙashin yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437 da Nijar ta sa wa hannu da hukumar Millennium Challenge ta Amurka a 2016. Na biyu shi ne shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa yankin. Irin waɗannan ayyuka na zuwa da injiniyoyi da masu sa ido da direbobi, masu kama gida na watanni kuma su biya ba tare da ciniki ba. Amma aikin bututu ya ƙare a 2023, Amurka kuma ta dakatar da nata shirin bayan juyin mulki. Wanda ya ci bashi ya gina saboda su, bashin ya rage masa, su sun tafi.

Yamai ta ba da darasi makamancin wannan. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 ya haifar da manyan otal-otal da gidaje na alfarma. Daga baya sojojin Faransa suka fice a ƙarshen 2023, na Amurka a watan Satumban 2024, sannan hukumomi suka dakatar da wasu ƙungiyoyin ƙasashen waje, ciki har da ACTED a 2024 da CICR a 2025. Kowace tafiya na nufin gidajen da aka ƙawata don masu biya da kuɗin waje sun koma neman ɗan gida, wanda aljihunsa daban ne. A yankin Ƙonni ma, dogaro da Bature ya daina zama lissafi tun 2020, shekarar da Faransa ta gargaɗi ƴan ƙasarta da su guji ko'ina a Nijar ban da Yamai, kuma shekarar da aka sace wani Ba'amurke a Masallata, dab da Ƙonni.

Malbaza, Dogarawa da Galmi: kaɗan-kaɗan, amma ba ya yankewa

Gabas da Ƙonni, hoton ya bambanta. Malbaza, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, garin masana'anta ne tun shekarun 1960. Sabuwar masana'antar siminti da aka ƙaddamar a 2019, mai ƙarfin tan 650,000 a shekara, da tashar wutar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, na jawo masu gyaran injuna, dillalan siminti da jami'an sa ido. Zama hedikwatar gunduma kuma na kawo taruka da tawagogin gwamnati. Sai dai manyan kamfanoni kan tanadi gidajen ma'aikatansu da na baƙinsu, saboda haka abin da ke fitowa waje bai kai yawan motocin da ake gani a layi ba. Ƙura da ƙarar manyan motoci ma abin dubawa ne: fili kusa da ƙofar masana'anta ya dace da gidan abinci, bai dace da ɗakin barci ba.

Ƙaramar hukumar Dogarawa ita ce ta fi ban sha'awa a wannan lissafi, domin a cikinta Galmi take, kuma Galmi na da ƙafa biyu. Ta farko albasa ce, wadda sunanta ya kai kasuwannin Accra da Abidjan da Lome. Ta biyu asibitin da ƙungiyar SIM ta kafa a 1950, wanda ke karɓar marasa lafiya daga sassan Nijar da arewacin Najeriya.

Albasa na da lokacinta. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin babban girbi, gari na cika da masu saye da ƴan dako da motoci, sannan a sake samun motsi idan aka fara fito da wadda aka adana a rudu farashi ya tashi. Sauran watanni kasuwa na lafawa. Ita ma tana jin jiki idan hanya ta toshe, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2023 lokacin da motocin albasa masu zuwa Gana suka maƙale a kan iyaka, kuma rufe iyakar Benin ya tsawaita tafiyar.

Ciwo kuwa ba shi da kaka ba shi da rani. Iyalin da suka kawo mara lafiya aikin tiyata na iya yin mako biyu, wanda aka sallama aka ce ya dawo a duba shi na buƙatar inda zai zauna. Wannan shi ne baƙon da ya fi tabbas a duk yankin, amma shi ne mafi ƙarancin kuɗi, domin magani ya riga ya cinye guzurinsa. Abin da yake so ɗaki ne mai tsabta, da makewayi, da ruwa, da wurin da mace za ta ɗora tukunya, kuma a nisan da tsoho zai iya takawa da ƙafa. Wanda ya gina masa gida mai tayil da na'urar sanyaya ɗaki ya gina abin da ba zai iya biya ba. Ƙananan ɗakuna da yawa a farashi mai sauƙi, tare da ɗaki biyu ko uku masu kyau don manyan masu sayen albasa, shi ne fasalin da ya yi daidai da garin.

Garin Dogarawa kansa, da ke tsakanin Malbaza da Galmi, filinsa zai fi sauƙin kuɗi, kuma nan ne tarkon yake. Baƙon asibiti ba zai kwana nesa da mara lafiyarsa ba, baƙon masana'anta kuma zai tsaya a Malbaza ko ya wuce Ƙonni. Arahar fili ba ta cika ɗaki.

Tsarnawa, Badagishiri da Illela

Tsarnawa mararraba ce, inda hanyar Tahoua ke rabuwa da babbar hanya, kuma tana da babbar kasuwar albasa. Matsalarta kusancinta da Ƙonni: tafiyar minti ashirin ce, kuma mai kuɗi zai gwammace ya ƙarasa inda akwai banki da gidan abinci. Badagishiri, a kan hanyar Tahoua cikin gundumar Illela, na da kasuwar mako mai ƙarfi da sabuwar masana'antar siminti, saboda haka tana cikin wuraren da ya kamata a sa wa ido. Illela ta Adar, wadda bai kamata a rikita ta da ta Sakkwato ba, gari ne na sarauta da mulki da ke gefen babbar hanya. Baƙinta jami'an gwamnati ne da ƴan asalin gari masu dawowa daga ci-rani lokacin salla da bukukuwa, kuma akasarinsu gidan dangi suke sauka. Ɗaki biyu ko uku na iya samun aiki a can, amma ba goma ba.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a haƙa tushe

Ga misali, don a ga yadda abin ke aiki. A ɗauka an kashe miliyan 20 na sefa wajen gina gida mai ɗaki 4 da sayen kayansa, ana ba da kowane ɗaki jika 10 a dare. A ɗauka kuma mai gadi, mai shara, wuta, ruwa, man janareto, haraji da gyare-gyare na cin jika 150 a wata, ko da baƙo ko babu.

Idan kowane ɗaki ya samu dare 12 a wata, an tara jika 480, a cire 150, saura 330. A haka jarin zai dawo cikin kimanin shekara 5. Idan kuwa dare 5 kawai kowane ɗaki ya samu, an tara jika 200, saura 50, kuma jarin ba zai dawo ba sai bayan shekara 30 da ɗoriya. A gefe guda, da an ba malaman makaranta ko ma'aikatan lafiya ɗakunan a kan jika 25 kowane wata, su biya wutarsu da ruwansu, da mai gida na karɓar jika 100 ba tare da wahala ba. A wannan misali, sai kowane ɗaki ya wuce dare 6 a wata, kowane wata na shekara, kafin hayar kwana ta kamo hayar wata.

Adadin zai bambanta daga gari zuwa gari, amma hanyar ganowa ɗaya ce kuma ba ta cin kuɗi. Mai niyya ya je garin sau uku: lokacin albasa, tsakiyar damina, da watan azumi. Ya zaga masaukan da ke akwai da dare ya ƙirga ɗakunan da ke da haske. Ya tambayi ƴan kabu-kabu da masu shayi ina suke kai baƙi, kuma su wane ne baƙin.

Bayan gari, sai unguwa

Ko an dace da gari, fili na iya kayar da mutum. Kwarin Magiya ya ratsa ƙasar Dogarawa da Malbaza da Ƙonni kafin ya zube a tafkin Kalmalo cikin Najeriya, kuma damina ta 2024, wadda ta hallaka kusan mutum 400 ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya da rabi a faɗin ƙasa, ta nuna abin da ruwa ke yi wa ginin da aka yi a kan hanyarsa. Fili da damina ake dubansa.

Wuta da ruwa su ne abu na biyu. Lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, ƙasar na samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta ne daga can. Baƙon da ya biya kuɗi ya kwana cikin zafin watan Afrilu babu fanka ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa wasu. Faifan sola da tankin ruwa na cikin kuɗin gini tun farko, haka ma nisan fili da layin NIGELEC da bututun NDE.

Na uku takardu. Filayen gefen gari da yawa gonakin gado ne, kuma sayen su daga hannun magaji ɗaya ba tare da sauran ba ya jefa mutane da dama cikin shari'a. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, wato COFO, tun daga ƙauye har gunduma, kuma su ne ke tabbatar da cinikin gona. Filin da ke cikin rabon gari kuma takardarsa daga ma'aikatar magajin gari take fitowa, wadda tun watan Afrilun 2024 ke hannun shugabannin riƙo da gwamnati ta naɗa bayan rusa majalisun da aka zaɓa. A tabbatar lambar fili na cikin rajista kafin kuɗi ya fita.

Na huɗu doka da mutunci. Dokar shige da fice da aka sa wa hannu a watan Janairun 2025 ta wajabta wa duk wanda ya sauke ɗan wata ƙasa, ko da kyauta ne, ya sanar da ƴan sanda. A garin da yawancin masu biya daga tsallaken iyaka suke, kuma a lokacin da matsalar ƴan bindiga da Lakurawa ke damun ɓangarorin biyu, littafin rajistar baƙi da duba katin shaida su ne kariyar mai gida. Sannan a ƙaramin gari, masaukin da maƙwabta suka fara yi wa kallon gidan banza ya rasa iyalai da jami'ai a lokaci guda. Shawara da mai unguwa da limami kafin a buɗe ƙofa na cikin jari.

Abin da za a sa wa ido

Manyan ayyuka biyu a Najeriya na iya sauya taswirar nan gaba. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, daga Illela ta faro, kuma idan ta kammala za ta kusanto da Ƙonni ga tashar jiragen ruwan Legas. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, zai iya jan wani kaso na kaya da fatake zuwa gabas. Dukansu ba su kammala ba, kuma amfaninsu ya danganta da yadda dangantaka za ta kasance tsakanin Najeriya da Nijar, wadda ta fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025.

Kafin nan, abin da shekarun 2019 zuwa yau suka koyar shi ne wurin da ya fi aminci shi ne inda baƙi iri biyu ko uku ke haɗuwa, waɗanda abu ɗaya ba zai hana su zuwa a lokaci guda ba. A Ƙonni, wannan na nufin ɓangaren babbar hanya da ofisoshin gwamnati, inda matafiyin cikin gida zai rage asara ranar da iyaka ta rufe. A Galmi, tsakanin asibiti da kasuwar albasa. Kuma ko'ina ne, a yi ginin yadda kowane ɗaki ke da ƙofarsa da makewayinsa da mitarsa, ta yadda idan baƙi suka ɗauke ƙafa za a iya ba malamin makaranta haya a wata mai zuwa. Ga ɗan ci-ranin da ya zuba gumin shekara goma a gini ɗaya, wannan ƙofar fita ta fi kowane ado daraja.